Gidajen da Muka Gina da Fenti

Ranar nan ina durƙushe a bakin shago ina rubuta wa wata hajiya "Ana Ba da Hayar Kujeru da Rumfa", sai ga Kamalu, yaron shagon buga fosta da ke maƙwabtaka da ni a Gyadi-Gyadi, ya tsaya a kaina yana shan lemo. Ya ce, "Yaya Sagir, abin nan da kake ta fama da shi tun safe, wallahi kafin in shanye lemon nan na haɗa shi a kwamfuta." Na ce masa to Allah ya ƙara wa kwamfuta lafiya, ya kuma kawo mata wuta. Abokansa suka kwashe da dariya, shi ma ya yi. To ga shi na zauna na rubuta muku, kai da su, tunda kuna ganin aikin nan kamar wasan yara. Ni da boko a aji uku na sakandare muka yi hannun riga, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Aikin farko da na sa hannu a ciki allon wani mai sayar da filaye ne, kuma har aka gama shi ban taɓa buroshi ba. Nawa gugar kwano. Sabon kwano, irin na rufin ɗaki amma shimfiɗaɗɗe, yana da wani maiƙo da ido ba ya gani. In ka shafa masa fenti haka nan, damina ɗaya zai saɓule kamar maciji ya yi zane. Sai ka wanke shi da sabulu, ka bi shi da samfefa har yatsunka su daina jin komai, ka watsa masa ruwan tsami, ka jingine shi ya sha iska. Sannan jan fenti na ƙasa, sannan fari, sannan wani farin. Kowanne sai ya bushe, ka danna farce ka ga bai shiga ba, kafin ka ɗora na gaba. Kuma ba a shafawa da tsakar rana, don kwano in ya ɗauki zafi fentin yamutsewa yake kamar goshin mai bin bashi. Duk wannan fa ba a rubuta ko "A" ba tukuna.

Wanda ya koya mini sunansa Oga Fidelis. Mutumin Kudu ne, Kirista, ya zo Kano tun gemu bai fito masa ba, kuma Hausarsa ta fi tawa, don shi har da karin magana. Babana direban bas ne, shi ya kai ni wurinsa riƙe da kunnena, bayan na zana shugaban makarantarmu da gawayi a bangon bayi, da tumbinsa da komai. Oga ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da babana, "Tumbin ya yi kama?"

Babana ya ce, "Ya yi kama har abin ya ɓaci."

"To bar mini shi."

Na daɗe ina wankin buroshi da kananzir kafin ya yarda in ja layi. Buroshin ma ba kamar yadda aka sayo shi ake aiki da shi ba. Oga zai zauna da reza ya yi masa aski, wani ya fiƙe shi kamar bakin allura, wani ya daidaita shi kamar gemun ɗan sanda. Akwai igiya da muke shafa wa alli, mu ja ta daga wannan gefe zuwa wancan, mu ɗaga mu saki, ta bar layi a kan allo. Akwai wata sanda mai ƙullin tsumma a kai da kake ɗora hannu don kada ya yi rawa. Ranar da na fara rubuta "S", Oga ya kira mai shayin bakin titi ya ce ya zo ya ga ƙugiyar rataye nama. Ranar Juma'a shi yake korata masallaci, ranar Lahadi ni nake buɗe shago. Haka muka zauna.

Mun yi wa masu aski alluna, mun yi wa makarantun Islamiyya, har Larabci Oga yake kwafa ɗigo-ɗigo ba tare da ya san abin da ya ce ba, malamai su zo su duba su ce ma sha Allah. Amma abincinmu na gaske daga masu filaye da masu gina rukunin gidaje yake fitowa. Su ne ba sa son rubutu kawai, hoto suke so. Mutum zai zo da katuwar mota, ya nuna maka wata gonar gero a bayan gari, ya ce ka zana masa yadda wurin zai zama. Ka tambaye shi ina zanen injiniya, ya ce, "Ai kai ne injiniyan, Oga, sa abin da ya dace."

Abin da ya dace kuwa mun san shi. Ciyawa kore shar, ko da wurin ko ƙaya ba ta son fitowa. Titi baƙi wuluk da farin layi a tsakiya. Fitilun kan hanya, amma kada ka sa wayar lantarki, tana ɓata sama. Babu kwata, babu akuya, babu adaidaita sahu, babu mai garuwa. Wani ya taɓa cewa a sa masa Bature yana yawo da kare a bakin titi. Oga ya ajiye fensir ya ce, "Alhaji, kare? A unguwar da kake so limamai da 'yan kasuwar Kwari su saya?" Mutumin ya ce to a cire karen. Daga baya aka cire Baturen ma, aka sa wani mai babbar riga yana nuna wa iyalinsa gida da yatsa. Wannan mai babbar rigar ya yi mana aiki sosai. Na ƙirga shi a alluna da yawa daga Tarauni har Hotoro, kullum yana nuna gida, bai taɓa shiga ko ɗaya ba.

Wani abu da kwamfutarku ba za ta gaya muku ba: ranar Kano ja take fara ci. Shuɗi yana jurewa, baƙi yana jurewa, ja kuwa shekara biyu ya zama ruwan hoda, daga nan ya tafi. Su kuma masu filaye kullum da ja suke son a rubuta farashi da kuma "Za a Fara Gini Nan Ba da Jimawa Ba". Shi ya sa in ka ga tsohon allo a bakin hanya, za ka tarar da sama tana nan shuɗiya, gidaje na nan tsaf, amma alƙawarin ya goge da kansa. Oga yakan ce rana ta fi mu kunya.

Wata rana aka kawo mana wani tsohon allo a a-kori-kura, wai a shafe a rubuta tallan gidan burodi. Mu ba ma yar da kwano, shafewa muke mu sake. Na sa wuƙar kankara na fara, sai ga benaye sun fito a ƙarƙashin farin: wata kasuwar zamani da aka ce za a gina, mai rumfunan gilashi. Na ƙara kankarewa, sai ga otal a ƙarƙashinta, dogo har ya kusa fita daga allon, da wurin ninƙaya a gaba. A can ƙasa kuma wani rukunin gidajen ma'aikata, ƙananan gidaje jere kamar ƙwai a kiret. Duk a fili ɗaya aka yi niyyar su, mutum bayan mutum. Na kira Oga ya duba, ya ce, "Otal ɗin ni na yi. Na ƙasan na maigidana ne, ka ga yadda yake yin taga." Na ce to yanzu mene ne a filin? Ya ce wankin mota ake yi. In kuna son ganin Kanon da ba a gina ba, ba sai kun je wani ofis ba, ku leƙa bayan shagona. Garin nan da fenti ake zama a ciki, da tuni mun wuce kowa.

To a cikin duk gidajen da Oga ya zana, guda ɗaya ne nasa.

Tun kafin a haife ni, wani attajiri ya yanka wani babban fili a bayan Tarauni, ta hanyar da za ta fitar da kai Hotoro, lokacin wurin duk gonaki ne. Ya sa wa wurin suna Rukunin Gidaje na Sanyin Ido. Oga ne ya yi masa alluna, manya, aka kafa su a hanyoyi. Aikin ya burge Alhajin, maimakon ladan hannu sai ya ce ya ba Oga fuloti ɗaya na kwana, ya sa aka buga masa fegi, aka ba shi takardar kamfani mai hatimi. Ba a yi nisa ba Alhajin ya rasu. Kamfanin ya bi shi. 'Ya'yansa suka shiga rigimar gado wadda ta fi wasunsu tsawon rai. Gari ya taho ya kewaye filin ta ko'ina, gidaje, shaguna, makarantu, shi kuwa yana nan a tsakiya kamar giɓi a baki. Da rani yara su buga ƙwallo, da damina maƙwabta su shuka kuɓewa da masara.

Ba Oga kaɗai ke da fuloti a wurin ba. Akwai malaman makaranta da teloli da ƙananan ma'aikata da suka saya tun farko. Su duk abin da kowa ya sani suka yi: fili a Kano in ba ka taka shi da bulo ba, ba naka ba ne. Wani ya ja harsashi, wani ya jera bulo layi biyu a kusurwa huɗu, wani ya yi ɗan ɗaki ya sa mai gadi. Oga kuwa allo ya kafa. Ƙafafun ƙarfe, kwano mai kauri, ya zana gidan da zai gina, ɗaki uku da baranda da shuɗiyar ƙofa da bishiyar mangwaro a gefe, a ƙasa ya rubuta sunansa da baƙi, da inda za a same shi.

Baba Ila magini, abokinsa da suke shan shayi tare, ya yi ta yi masa magana har ya gaji. "Fidelis, ka sayi bulo ko ɗari ne, ni zan jera maka kyauta. Allo ba gini ba ne."

Oga ya ce, "Bulo bebe ne, Ila. Wanda ya zo ya ga bulo, ya san na wane ne? Allona kuwa magana yake."

"Yana magana, amma ba ya cizo."

"Kai dai ka san siminti."

"Kai kuma ka san kwalliya. Allah ya sa kwalliyar ta biya kuɗin sabulu."

Duk shekara in ruwa ya ɗauke, mukan rufe shago mu tafi da gwangwanaye mu sabunta allon. Wannan aikin ko ana biki a gidanku sai ka je. Oga zai wanke shi, ya bi duk inda tsatsa ta fara, ya ƙara wa ƙofar shuɗi. Mangwaron ma ƙara masa girma yake kaɗan-kaɗan, wai ai bishiya ba ta tsayawa. Na ce, "Oga, saura ka sa masa 'ya'ya mu tsinka." Ya ce in riƙe tsani in rufe baki. Kuma gaskiya allon ya yi aikinsa shekara da shekaru. Dillalai su zo su karanta su wuce. Har masu adaidaita suka mai da shi alama, ka ji fasinja na cewa a sauke shi a Shuɗiyar Ƙofa.

Me ya hana shi gini? Abin da yake hana kowa. Yara na makaranta, ga haya, ga matarsa Maman Uche da ciwon ƙafa. Kullum sai baɗi.

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. Ku ne kuka fara buɗe ta, Kamalu, ba da gangan ba. Injinan buga talla a jikin leda suka cika gari. Mai fili da a da zai jira mu mako da makonni, yanzu da safe zai ba ku hoton wata unguwa ta ƙasar Larabawa da ya samo a waya, da yamma ya ɗaure ledarsa a kan hanya. Ba na jin haushinku, ku ma ƙaryar da muka yi kuke yi, taku dai ta fi sauri. Fenti ya yi tsada, kwano ya yi tsada. Muka koma rubuta lambar gida da sunan makaranta a jikin bas. Idon Oga kuma ya fara hazo, in zai ja layi sai ya kusa sa hanci a allo.

A cikin wannan hali mai gidan da Oga ya yi shekaru yana haya a Gyadi-Gyadi ya aiko cewa ya sayar da gidan, za a rushe a yi shaguna, ya ba su zuwa bayan damina. Uche, babbar 'yarsu da ke aure a Kudu, ta ce su tattara su koma wurinta. Maman Uche ta zo shago da kanta, abin da ba ta saba ba, ta zauna a kan benci ta ce, "Sagiru, ka gaya wa ogan nan naka. Ni na gaji da ɗaukar tukunya daga gidan wani zuwa gidan wani. Ko ɗaki ɗaya ya yi mana a filin nan, ko mu tafi."

Oga ya ce, "In je Kudu in yi me? Wa na sani? Duk waɗanda za su ɗauki gawata a garin nan suke."

Ya yanke shawara zai yi ɗaki ɗaya da bayi a fulotinsa, su shiga ko babu filasta. Baba Ila ya ce da zarar ruwa ya ɗauke za a fara. Wannan ne karon farko da na ga Oga yana tambayar farashin yashi.

Shekarar ce kuma ƙarfe ya yi daraja, 'yan jari-bola suka haukace. Murfin kwata, ƙofar makaranta, komai ɗauka suke. Wani mai adaidaita ne ya tsaya a bakin shago ya ce, "Oga, yau ban ga Shuɗiyar Ƙofa ba." Muka je. Sun yanke ƙafafun daga ƙasa da zarto, sun bar guntaye biyu kamar haƙoran tsoho. Masara ta kewaye wurin, in ba ka sani ba ba za ka ce an taɓa kafa komai ba.

Na ce, "Oga, mu je wurin yaran nan su buga mana leda yau ɗin nan, mu ɗaura a gora. Gobe da safe tana tsaye."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "Leda? A ƙofar gidana?"

"Na ɗan lokaci ne."

"Shekara nawa ina gaya wa mutane leda ba allo ba ce, sannan a wuce a ga sunana a jikin leda? Sabo za mu yi. Na katako, tunda ƙarfe suke so."

Baba Ila ya ce to a kawo bulo ko hamsin ne a zube a wurin kawai. Oga ya ce ba ya zuba bulo a cikin masarar mutane ana ruwa, a bari a yi girbi, ai saura kaɗan.

Muka fara sabon allo. Kuma kun dai ji yadda ake yi. Katako ma sai an goge, an toshe ƙofofinsa, an sha masa fenti na ƙasa. Ga damina, iska duk danshi, abin da yake bushewa a yini sai ya kwana uku yana kama yatsa. Na ce mu rage shafa ɗaya. Ya ce ba a gidansa ba. Na ce mu bar hoton, mu rubuta suna kawai. Ya ce allon da ba gida a jiki, me yake tsarewa? Ga ido ba ya gani sosai, baranda kaɗai ta ci mana kwanaki, ya zana ya goge, ya zana ya goge. Bai yarda na taɓa ƙofar ba. Wallahi allon ya yi kyau, ban taɓa ganin ya yi kamarsa ba. Ni dai ban ƙara leƙa filin ba a tsakanin nan, shi ma haka, muna can muna jiran fenti.

Ranar da ya bushe muka ɗora shi a a-kori-kura, Oga a gaba, ni a baya na rungume shi kada ya karce. Muna shan kwana na ga babu masara. Katanga ce, sabuwa, simintin bai gama fari ba, ta fi tsayina, ta tafi har ƙarshen layi. Ta wani wurin ta lanƙwasa ta bar 'yan gine-ginen mutane a waje. Ta kwanar Oga kuwa miƙewa ta yi sak.

Wani mai kula da leburori, Ɗanjuma ake ce masa, ya fito yana goge hannu. Shi ya yi mana bayani. Magadan sun shirya, sun sayar da filin gaba ɗaya ga wani. Kafin a ja katanga an zaga da dattawan unguwa, fuloti-fuloti. Duk inda aka ga bulo, ko harsashi, ko wata shaida da suna, an tsaya an nemi mai shi, an bar masa wurinsa ko an sallame shi. Inda ba a ga komai ba an ɗauka ba kowa.

Oga ya ce, "Nan akwai allo. Kowa ya san akwai allo."

Ɗanjuma ya ce, "Wallahi Baba ranar ba mu ga komai ba sai masara. Ko kwali aka rataya da lambar waya da an kira."

Ban dubi Oga ba, shi ma bai dube ni ba. Mai a-kori-kura ya ce a sauke ko a koma? Muka koma.

An yi zirga-zirga, kada ku ce ba a yi ba. Masu adaidaita sun ce za su yi shaida. Baba Ila ya raka Oga wurin dattawan, suka ce sun san allon, amma sun zaci mai shi ya sayar ya cire abinsa. Magadan suka ce takardar kamfanin babansu ce, kamfanin kuwa babu shi, su ba su san zancen ba. Wanda ya saya ba ya ma ƙasar. Kowa da ladabi yake magana, kowa "Allah ya ba da haƙuri, Baba", kowa ya nuna maka ƙofa ta gaba. Aka ce sai dai kotu, wani lauya ɗan cocinsu ya ce za a iya, amma a shirya wa shekaru. Oga ya ce shekarun ne ba shi da su. Ruwa ya ɗauke, mai gida ya aiko a karo na biyu. Maman Uche ta fara ɗaure kaya a buhu.

Ana saura 'yan kwanaki motar kayansu ta tashi, muna shago yana nuna mini gwangwanayen da za su yi amfani da waɗanda suka daskare, sai ga Ɗanjuma a kan babur. Ya gaishe mu yana sunkuyar da kai. Ya ce dillalai sun dame su, kullum sai an kawo wani a nuna masa filin a ce na sayarwa ne, mai wurin ya bugo waya ya ce a rubuta gargaɗi a jikin katangar, manya-manya. Ya je wurin masu leda sun ce su injinsu ba ya hawa bango. Duk wanda ya tambaya sai a ce masa ai mai rubutun hannu a yankin nan sai shagon Oga Fidelis.

Na miƙe na ce, "Malam, kai ko kunya—"

Oga ya ce, "Sagiru. Ɗauko baƙi. Da igiya."

"Oga, wannan katangar fa?"

"Mutum ya zo da aiki. Ka taɓa ganin na kori aiki?"

Muka je da hantsi. Ɗanjuma ya nuna tsakiyar katangar, Oga ya ce a'a, a kwana ake rubutu, nan ne mai tahowa ta kowace hanya zai gani. Ya san kwanar, ai ya daɗe yana nazarinta. Na riƙe igiya ta wannan gefe, ya riƙe ta wancan, muka saki alli a jikin siminti. Ya auna tsayin harafi da tafin hannu. Bulo ba kamar kwano ba ne, shan fenti yake, kowane harafi sai ka bi shi sau biyu. Bai bar ni na yi ko ɗaya ba, gwangwani kawai na riƙe masa. Hancinsa kusan a jikin bango, hannunsa a kan sanda. Masu adaidaita suna rage gudu suna kallo, ba wanda ya yi hon. Guntayen ƙarfen nan biyu suna nan a gindin katangar, ya taka ɗaya ya ƙara tsawo da zai yi layin sama.

Da ya gama ya tsallaka titi, ya tsaya yana ƙanƙance ido. Ya ce, "Daga nan ba na gani. Karanta mini."

Na karanta. "Wannan fili ba na sayarwa ba ne. A yi hattara."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. Yau dai mun rubuta gaskiya."

Ranar Asabar suka tafi. Baba Ila da mai shayi da rabin layinmu suka raka su tasha.

Ko wannan rubutun ma ba gaskiya ba ne. Bayan Babbar Sallah aka sayar da filin, kafin azumi ya zagayo aka sake sayarwa, duk rubutun na jikin katangar. Yanzu an ɗaura wata leda a saman katangar, benaye masu gilashi da ciyawa shar, ina jin ma a shagonku aka buga ta, Kamalu. Ciki kuwa har yau masara ake shukawa. Oga yakan kira ni ranar Lahadi in ya fito daga coci, ya tambayi Baba Ila, ya tambayi farashin fenti, daga ƙarshe ya ce rubutun nan na kwana yana nan? In ce masa yana nan, Oga, ko ɗigo bai tashi ba. Sauran ba ya tambaya, ni ma ba na faɗa.